Kiyaye Kayan Katako a Gidan Hamsta

A Ingila da Jamus da Amurka akwai wani irin ɗan ɓera na kiwo wanda iyaye sukan saya wa 'ya'yansu, sunansa hamsta. In ka gan shi sai ka ce ɓera ne aka datse wa wutsiya, amma ya fi ɓeran gida ƙiba da laushin gashi, bai kuwa kai ɓeran Masar girma ba. Nauyin babba bai cika wuce giram 150 ba. Yana da jaka biyu a cikin kumatunsa, har zuwa kafaɗa suke kai, a ciki yakan cusa hatsi ya kai rumbunsa. Da rana barci yake yi, da dare ne yake fita. Kwanansa a duniya kuwa kaɗan ne, shekara 2 zuwa 3.

Wasu daga cikin masu karatunmu suna zaune a waɗannan ƙasashe, wasu kuma suna da 'ya'ya da jikoki a can. Mai yiwuwa ne a kawo wannan dabba gida domin yaro ya matsa, a sayi keji da kayan ciki da kuɗi mai yawa, bayan wata biyu kuwa ɗakin ya cika da zarni, katakon ya yi baƙi. Sai maigida ya ɗauko ragowar fentin da aka shafa wa ƙofa ya ce zai gyara. A nan ne haɗarin yake. Ana gudun gara, sai a faɗa wa zago.

Asalin hamstan da aka fi kiwo ƙasar Suriya ne, a gonakin alkama na kewayen birnin Halab. A shekara ta 1930 wani masanin dabbobi na Jami'ar Ibraniyawa ta Urushalima, mai suna Israel Aharoni, ya sa aka haƙa rami a wata gona, aka sami uwa da 'ya'yanta. 'Yan kaɗan ne suka rayu a hannunsa, amma cikin hamsta kwana 16 ne kurum, saboda haka nan da nan suka yaɗu. Aka kai wasu Ingila a 1931, aka kai Amurka a 1938. Yawancin waɗanda ake kiwo a gidaje yau jikokin waɗannan 'yan kaɗan ne. Akwai kuma wasu ƙanana, 'yan asalin Mongoliya da Kazakistan da arewacin Sin.

Mun kawo wannan labari ne domin a gane halinsa. Dabba ce ta rami, ta ƙasa mai ƙarancin ruwa. A jeji tana haƙa ɗakin kwana dabam, rumbu dabam, makewayi dabam. Masu kiwo na ƙwarai suna ƙoƙari su ba ta makamancin wannan. Wata ƙungiyar likitocin dabbobi ta Jamus ta ce kada gindin kejin ya gaza santimita 100 a tsawo da 50 a faɗi. A Jami'ar Bern ta Suwizalan kuwa an gwada shimfiɗa mai zurfin santimita 10 da 40 da 80, aka buga sakamakon a 2006. Waɗanda aka ba su ƙaramar shimfiɗa sun fi gaigayar wayar keji, waɗanda aka ba su mai zurfin 80 kuwa ba a gan su suna yi ba. To, a bisa wannan shimfiɗa ake jera kayan katako: ɗan gida mai ɗakuna biyu ko uku, dandamali mai ƙafafu, tsani, gada, da wani wili kamar gargaren yara wanda yakan shiga ya yi ta gudu, har ya ci kilomita da dama a dare ɗaya.

Don me katako, ba roba ba? Gama roba in ya gaigaye ta ya haɗiye, tana iya toshe masa hanji. Tana kuma tara gumi a cikin ɗakin kwana. Katako yana shan iska, ƙafa ba ta santsi a kansa. Amma abu biyu suna cinsa, watau fitsari da haƙori. Dabarar duka ita ce a san cewa na fari ne kaɗai abokin gaba.

Haƙori ba abokin gaba ba ne

Haƙoran hamsta 16 ne. Huɗu na gaba ba su daina tsiro muddin ransa, kamar yadda farcenmu yake yi. Launinsu rawaya-rawaya ne, wannan kuwa ba ƙazanta ba ce, lafiyarsu ke nan. In bai sami abin da zai gaigaya ba sai su yi tsawo, su lanƙwashe, har su hana shi cin abinci. Saboda haka wanda ya ce zai hana hamsta cin katako, da aikin banza ya haɗa kansa, in kuwa ya yi nasara dabbar ce za ta sha wahala. Mun ga masu ba da shawara a shafa wani abu mai ɗaci a gefen katakon. Ba mu goyi bayan wannan ba. Abin da ya fi shi ne a zuba masa ƙirare masu kyau ya yi ta fama da su, a kuma sa a rai cewa tsani da gada abin ƙarewa ne, kamar sabulu.

Daga nan ka'ida ta fari ta fito. Duk abin da aka shafa wa katakon, a ƙidaya cewa wata rana zai shiga cikin dabbar. Ba cikinta kaɗai ba, har jakunan kumatunta, inda fatar take da laushi, abu kuma yakan daɗe a ciki.

Wannan ya shafi irin itacen ma tun kafin a zo ga fenti. Masu kiwo a Turai sun fi amincewa da itacen tuffa, da na fiya, da bic, da bac, da hazal, da wilo. Suna gudun itacen al'ul saboda mai mai ƙamshi da ke cikinsa, wanda ke damun huhun ƙananan dabbobi. Suna gudun ɗanyen katakon fir da dangoginsa masu tsatso da ƙaro, gama ƙaron yakan manne a kumatu. Akwai kuma allunan da ake yi da garin katako da gam, waɗanda ake haɗa kabad masu araha da su. Gam ɗin yana da sinadarin fomaldehaid, allon kuma da ya sha jiƙa sai ya kumbura ya marmashe. Kada a kawo shi inda haƙori zai kai.

Katakon tsintuwa ya fi kowanne ban tsoro. Shekaru da yawa a Turai da Amurka ana dafa katakon shinge da na dandamalin waje da wani magani mai ɗauke da tagulla da kiromiyam da asenik, wanda guba ne sananne. A Amurka an daina sayar da shi domin aikin gida a ƙarshen 2003, Turai ma ta taƙaita shi a 2004, amma tsohon katakon yana nan birjik a bayan gidaje. Sau da yawa launinsa yana da ɗan kore-kore. Haka kuma katakon da ake ɗora kaya a kai a manyan motoci da jiragen ruwa. A duba hatimin da ke gefensa. In an rubuta HT, da zafi aka kashe ƙwarin da ke ciki. In an rubuta MB, da hayaƙin guba aka yi, a bar shi inda aka gan shi. Tsohon katako mai fenti kuwa yana iya ɗauke da dalma, gama a Amurka sai a 1978 aka hana sa ta a fentin gida.

A kula da ƙusa. Kayan kanti da yawa da ƙananan ƙusoshi ake haɗa su, in dabbar ta ci katakon sai tsinin ya fito. Gara wanda aka haɗa da turakun itace da farin gam na kafinta.

Fitsarin da ke cin katako

Wanda bai saba ba, in ya ga fitsarin hamsta sai ya zaci ciwo ne. Yana da kauri, fari-fari kamar an dama alli. Dalili kuwa, jikin dabbar yana tattalin ruwa, yana kuma fitar da sinadarin kalsiyam ta fitsari. In ya zuba a kan ɗanyen katako, ruwan yakan nutse cikin jijiyoyin itacen, allin ya bushe a sama ya zama ɓawo mai tauri. Ƙwayoyin cuta su kama aiki a kan abin da ya nutse, su mai da shi amoniya, watau zarnin nan mai shiga ido. Mu muna tsaye can sama, muna jin kaɗan. Hamsta kuwa hancinsa yana manne da wurin dare da rana. Inda jiƙa ta daɗe kuma, funfuna takan biyo baya.

Ba dukan kaya ne fitsari yake taɓawa ba. Wurare uku ne suka fi shan wahala: cikin wili, gama da yawa sukan yi fitsari suna cikin gudu, saman dandamali, musamman kusurwa, da ɗaki ɗaya a cikin ɗan gidan, wanda ya zaɓa ya zama makewayinsa. Waɗannan kaɗai suke bukatar kariya. Tsani da gada da ƙirare, a bar su yadda suke.

Kafin a kai ga gwangwanin fenti, akwai hanyoyin da ba su da haɗari ko kaɗan, mu kuwa su muka fi so. Hamsta mai tsabta ne, wuri ɗaya yake zaɓa. A lura da kusurwar da ya zaɓa, a ajiye masa ɗan kasko ko tasar tangaran a wurin, a zuba yashi mai tsabta wanda ba ƙura, a ɗora 'yar jiƙaƙƙiyar shimfiɗa a kai domin ya ji warinsa. Yawancinsu sukan gane cikin 'yan kwanaki. Daga nan aikin ya zama na kwashe dunƙulen yashi kowace safiya. Ɗan gidan kuma a sayi marar daɓe, mai rufin da ake ɗagawa, domin fitsari ya sauka a shimfiɗa ko a kasko, ba a katako ba. Saman dandamali a shimfiɗa tayil ɗaya, ko falalen dutse. Ana gogewa da tsumma, da zafi kuma dabbar takan kwanta a kai ta sha sanyi. Ƙarƙashin kwalbar ruwa ma a sa tayil, gama ɗigon ruwa yana ruɓar da katako kamar fitsari.

Wili ne ba shi da wata dabara sai shafi. Masu yawa an liƙa musu ɓawon kwak a ciki, irin wanda ake toshe kwalba da shi, domin taushin ƙafa, shi kuwa yana riƙe wari ƙwarai.

Abin da za a shafa

Akwai banish da ake yi musamman domin kayan wasan jarirai, wanda ake sirkawa da ruwa, ba da tina ko fetur ba. A jikin gwangwanin a nemi wannan alama: EN 71-3. Ma'auni ne na ƙasashen Turai. Ana gwada busasshen fentin a cikin ruwa mai tsami kamar na cikin mutum, a ga ko dalma da kadmiyam da asenik da sauransu za su fita fiye da ƙima. A Jamus akan ƙara da wata alama, DIN 53160, mai nuna cewa yawu da gumi ba su narkar da shi. Masu kiwon hamsta na can har suna sun sa masa, wai banish na dalala.

Amma a yi hankali. An yi wannan ma'auni domin ɗan mutum ne, wanda ya ninka hamsta nauyi sau da yawa, yana kuwa tsotsar abin wasa ne, ba ya cinye shi. Alamar tana gaya mana wanda ya fi dama-dama, ba ta mai da banish abinci ba. Shi ya sa muka ce a shafa a shimfiɗaɗɗen wuri inda fitsari yake kwanciya, a bar baki-baki da bakin ƙofa inda haƙori yake kamawa. In kuwa dabbar ta kama cin wurin da aka shafa, a cire kayan.

Ga yadda ake yi. A goge katakon da sanfefa mai laushi, a share ƙurar. Lalle ya zama busasshe sarai, sabo ya fi, gama banish a kan tsohon fitsari yana rufe wari ne a ciki, ba da daɗewa ba kuma zai ɓare. A shafa siriri da buroshi, a bari ya bushe bisa ga abin da aka rubuta a gwangwani, a sāke, har sau biyu ko uku. A ba da ƙarfi ga kan katako inda zarto ya yanka, gama nan ne yake shan ruwa kamar rake, da kuma mahaɗa inda alluna biyu suka gamu. Sa'an nan a yi haƙuri. Bushewa dabam, ƙeƙashewa dabam. Cikin sa'a biyu hannu ba zai manne ba, amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri har ciki. Mu dai shawararmu a ba shi mako guda a wuri mai iska, nesa da ɗakin da kejin yake. A kai hanci kusa a sansana. Muddin kai mutum kana jin wari, to, ga hamsta bai yi ba tukuna. Banish na fesawa kuwa a bar shi a kanti.

Wasu ba su son kome na gwangwani, sun fi son mai. Ɗanyen man linsid, wanda ake matsewa daga irin filaks, yana shiga katako ya daskare a ciki. Yana da jinkiri, shafi ɗaya yakan ɗauki kwanaki da yawa. Saboda wannan jinkiri ne masu kanti suke sayar da wanda suke kira dafaffe, amma sunan ruɗi ne: sinadaran ƙarfe irin su kobal da manganis aka zuba domin ya bushe da sauri. Wannan ba na gidan dabba ba ne. Tsumman da aka shafa man linsid da shi kuma, kada a dunƙule a jefa kwandon shara, gama yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa. A shanya shi a buɗe a waje, ko a nutsar a ruwa. Kakin zuma ba shi da guba, ruwa yana zamewa a kansa, sai dai ba ya daɗewa, ƙamshinsa kuma yana iya jawo haƙori. Akwai shelak, wani ƙaro da ƙwari suke yi a itatuwan Indiya da Tailan, har alewa ake shafa wa. Ba ya cutarwa bayan ya bushe, amma amoniya tana narkar da shi, don haka bai dace da makewayi ba. Man gyaɗa da man girki kuwa ba su bushewa sam. Za su yi ɗoyi, dabbar kuma za ta ɗauka abinci aka ba ta.

Wanki ba shi da wuya. A gauraya ruwan khal fari da ruwa, rabi da rabi, a jiƙa farin ɓawon, tsamin zai narkar da allin. A goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye, a shanya har ya bushe ƙayau. Kada a jiƙa katako a bokiti ya kwana, zai tsage. Kada a sa bilic ko maganin goge daɓe mai ƙamshi, katako yana shanye su. Sabon reshe daga lambu, ko kayan da wata dabba ta yi amfani da su, a gasa a obin a zafin digiri 100 kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda, mutum yana tsaye kusa. Wanda aka riga aka shafa wa banish ba a gasa shi.

Ga wani abu da uwargida mai son tsabta takan manta. Hamsta ba ya gani sosai, da hanci yake sanin gidansa. Na Suriya yana da tabo ɗaya a kowane kwiɓi, wanda yake gogawa a jikin kaya ya bar warinsa, har wurin yakan yi ɗan duhu. In an wanke kome rana ɗaya sai ya rikice, ya bi ko'ina yana sāke sa alama, zarnin ya fi na dā. A wanke ɗaya wannan mako, ɗaya mako mai zuwa.

Katakon da funfuna ta kama, baƙa ko koriya, ba shi da gyara. Abin da ido ya gani a sama kaɗan ne, saiwarta tana ciki. A yar. Haka kuma wanda ya yi laushi har farce yana shiga, da wanda zarninsa ya ƙi fita bayan wanki biyu.

A nan gida hamsta ba dabbar da muka saba da ita ba ce, zafin bazararmu ma ya fi ƙarfinsa, gama ya fi jin daɗi a wajen digiri 20. Amma gidaje da yawa suna kiwon zomo da ɓeran Masar a akurkin katako, su ma haƙoransu ba su daina tsiro, fitsarinsu kuma mai alli ne. Mu kuwa muna da gara, wadda Bature bai cika fama da ita ba, maganin da kafinta ya saba da shi kuma shi ne baƙin man mota ko maganin gara na kanti. A kan katakon rufin ɗaki wannan wata magana ce. A cikin akurkin zomo kuwa, dabbar za ta ci, zomon nan kuma tukunyar iyali zai shiga. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa da dattin ƙonewar inji. Fentin mai ma ba abin sakin jiki ba ne, gama gwaje-gwaje sun sha samun dalma a cikin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu.

In lalle za a shafa, a tsaya ga gindin ƙafafun akurkin, can ƙasa inda baki ba ya kaiwa, a kuma ɗora ƙafafun a kan dutse ko bulo domin kada su taɓa ƙasa. A riƙa duba hanyar gara ana kankarewa. Ginshiƙan ciki a sa wayar raga ta rufe su daga ciki, ko a naɗe su da gwangwani a lanƙwashe bakin domin kada ya yanka. A zuba harawa da rassan zogale su sami abin ci da na gaigaya. Itacen da ke fid da farin ruwa kamar nono, irin su tumfafiya da tinya, kada ya kusanci akurki, ko da ya bushe.